Yaren da Mama Ta Ɓoye Mana

Ban daɗe da sauka Alƙahira ba na gane an yi mini sakiyar da ba ruwa. Ejan ɗin da ya shirya mini tafiya daga Kaduna ya rantse cewa gurbin karatun Larabci yana jirana, har da ɗaki da abinci. Da na je ofishin makarantar, magatakarda ya juya takardata gaba da baya, ya kira abokin aikinsa suka duba tare, suka sha dariya, sannan ya ce in gaida wanda ya buga ta, ya iya aiki. Na kira lambar ejan ba ta shiga ba. Har yau ba ta shiga ba.

Komawa gida ba ta taso ba. Duk layinmu a Abakpa an san Habu ya tafi Masar zai dawo shehi, da wane ido zan kalli mutane? Na samu aikin wanke kwanuka a wani shagon sayar da wake da burodi, na samu gefen katifa a ɗakin wasu 'yan Afirka da ke cunkushe har mutum sai ya nemi izini kafin ya juya. Kullum da safe ɗalibai 'yan ƙasarmu sukan wuce ta ƙofar shagon da littattafai a hammata, katin makaranta yana lilo a wuyansu. In ɗayansu ya shigo cin wake, sai in koma bayan tukunya in yi kamar ban san Hausa ba. Ba su yi mini komai ba, amma in na ga katin nan sai in ji haushi ya kama ni.

Gara in faɗa tun yanzu, ni mutum ne mai kishi. An ce kishi kumallon mata, to nawa kumallon da gemunsa ya zo. Kuma na san inda na samo shi. Ni ne ɗan fari, Mama ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai." "Wannan yaron." "A ce wa wancan ya zo ya ɗauki abincinsa." Ba ta kallon idona, ba ta zama kusa da ni, in na yi ta ɗaya a makaranta sai dai ta ce "to madalla" tana kallon murhu. Shi kuwa Nura, autanmu, har ya yi gemu yana ɗora kai a cinyarta. Naman miya a saman tuwonsa yake zama kowa yana gani. Ni wani lokaci nakan tsinci tsoka a ƙarƙashin nawa tuwon, sai in haɗiye ta da sauri, don na tabbata ta Nura ce ta ɓace hanya.

Kunyar ɗan fari ba a gidanmu aka fara ta ba, amma Mama ta fi mai kora shafawa. Babanmu, Allah ya jiƙansa, akawu ne a ma'aikatar gwamnati. An taɓa tura shi aiki ƙasar Bauchi, can ya auro ta daga wani ƙauye a gindin dutse. An ce da ta zo Abakpa matan layi sun yi ta kwaikwayon maganarta suna ce mata 'yar yare. Sai ta ɗaure ɗamara ta koyi Hausa har ta fi su karin magana, duk wata al'ada da suke yi da hannu ɗaya ita ta kama ta da hannu biyu. Iyayenta sun rasu tun muna ƙanana, ba ta taɓa kai mu ƙauyen ba, mu kuma ba mu taɓa jin wata kalma ta fito bakinta da ba Hausa ba. Ranar da zan tafi Masar ma, tana tsintar shinkafa ta ce, "Allah ya kiyaye hanya," ba ta ɗago kai ba.

Da bizata ta ƙare, Alƙahira ta yi mini zafi. In na hango ɗan sanda sai in tsallaka titi. Yara kan bi ni suna kiran sunayen da ban so in maimaita. Mai shagon ya gane ba ni da bakin kai ƙara, sai albashi ya koma "gobe in sha Allahu". Mutum ɗaya nake tunawa da alheri a unguwar, wani tsoho mai shayi da ke ajiye mini kujera kusa da wutarsa a lokacin sanyi, bai taɓa tambayata daga ina nake ba. Wani Basudane da muke kwana ɗaki ɗaya ne ya ce mini, "Ka yi kudu, ka tafi Aswan. A can baƙar fata ba labari ba ce."

Na shiga jirgin ƙasa a taragon talakawa, na yi tafiyar a tsugune kusa da ƙofa tsakanin buhunan albasa da kejin tantabaru. Kogin Nilu yana gefe, gonaki kore shar, ni kuwa ba abin da nake gani sai miyar kuka da daddawa. Wata mata ta ga ina haɗiyar yawu ta miƙo mini dafaffen ƙwai da gishiri a takarda. Na yi mata godiya da Larabcin littafi irin wanda muka koya a Islamiyya, duk taragon ya fashe da dariya, wani ya ce a matsa wa liman wuri.

A bakin kogi a Aswan na haɗu da Idris. Mutumin Nuba ne, dogo, baƙi kamar ni, yana da kwalekwale mai babban ƙyalle wanda iska ke turawa, da shi yake yawo da baƙi 'yan buɗe ido. Yana neman wanda zai riƙa ja masa igiya kuma ya ɗan iya Turanci. Bai nemi ganin fasfo ba. Ya dubi tafin hannuna ya ce, "Wannan hannun wanke-wanke ne, zai yi kanta ya saba." Ya ba ni ɗaki a soron gidansu, a wani ƙauye tsallaken kogi.

A gidan nan ne kishina ya samu abinci. Idris yana da doka: Larabci a bakin ƙofa ake cire shi tare da takalmi. A waje shi da 'ya'yansa Larabci suke yi kamar kowa, amma da an shigo tsakar gida sai yarensu na Nuba. In yaro ya manta ya amsa da Larabci, sai kakarsu Hajja Nafisa ta yi kamar kurma har sai ya gyara. Ni kaɗai aka yafe wa. Sai in zauna a gefe da kwanona ina kallonsu suna ta kwasar dariya a kan abin da ban ji ba. Abin da ya fi ci mini rai, Idris ma ɗan fari ne, amma uwarsa tana kiran sunansa tun daga ɗaki har bakin kogi. Tana jan kunnensa, tana gutsuro burodi ta sa masa a baki, ƙato da shi mai furfura a gemu. Ranar da na fara ganin haka abincin bai wuce mini ba.

Da yake mai kishi ba ya rasa abin kushewa, sai na sa yaren nasu a gaba. Wata rana iska ta ɗauke, muna zaune a tsakiyar kogi muna jira, na ce masa, "Idris, wai wahalar me kake ba yaran nan? Yaren da ba ya sayen burodi a Alƙahira, ba ya cikin jarrabawa, ba kuma da shi za a yi tambayar kabari ba. In ya mutu, wa ya yi asara?"

Ya ce, "Kai naka fa?"

Na yi dariya, na gyara zama. Na ce Hausa ai ba sa'ar yarensu ba ce. Daga Kaduna har Sudan har Makka za ka ci abinci da ita, gidajen rediyon duniya suna labarai da ita, ƙananan yaruka kuwa a wurinmu da kansu suke zuwa su narke a cikinta, ba wanda ya yi kuka.

Ya ce, "Ka tambaye su?"

"Su wa?"

"Waɗanda suka narke."

Ya nuna kudu da haɓa ya ce ƙauyen kakanninsa yana ƙarƙashin ruwa tun da aka datse kogin. Gidaje sun tafi, dabino ya tafi, kaburbura sun tafi. "Abin da tsofaffi suka iya ɗaukowa a baki shi kaɗai ya tsallake. Kana so in zubar da shi don ba ya sayen burodi?" Na ce masa iska ta taso, ya kama aikinsa. A raina kuwa cewa nake, mutum ba shi da ƙasa, ba shi da boko, amma yana da abin da yake taƙama da shi har yana yi mini wa'azi.

Na shekara biyu da wani abu a wurinsa, hannuna ya yi kanta, har na fara aika ɗan abin cefane gida. Sai wata rana da hantsi ƙanwata Hadiza ta kira ni tana kuka.

"Yaya Habu, Mama ce. Ta faɗi a banɗaki, da ta farfaɗo kuma ba ita ba ce. Wani irin yare take yi, ba wanda ya taɓa jin irinsa. Malam ya ce mutanen ɓoye ne suka shige ta."

Sun riga sun fara ruƙiyya. Ana karatu a kanta, ana turara mata hayaƙi, ana shafa mata man zaitun, malam yana tambayar aljanin abin da yake so, ita kuma tana ta magana tana kuka. Kowa a layi ya yarda, don kowa ya san in mutum ya tashi da yaren da ba nasa ba, to ba shi ke magana ba. Ni ma na yarda. Hadiza ta turo mini saƙon murya don in ji da kunnena.

Bayan la'asar na zauna a tsakar gidan Idris na kunna. Muryar Mama ce, amma ko kalma ɗaya ban kama ba. Can sai maganar ta koma kamar waƙa, tana hawa tana sauka a hankali. Hajja Nafisa tana gefe tana gyaran kuɓewa. Sai na ga ta ajiye wuƙa, ta fara jijjiga gwiwa tana bin sautin. Ta yi wa Idris magana, shi kuma ya juyo gare ni.

"Ta ce wace ce ke lallashin jariri?"

Na ce ba jariri, mahaifiyata ce, aljani ne ya shige ta. Ya faɗa mata. Tsohuwar ta kalle ni sama da ƙasa, wannan karon da Larabci ta yi magana, ta karya dokar gidan saboda ni.

"Ɗana, ban ji abin da take faɗa ba, amma na yi goyo. Wannan waƙar barci ce. Wane yare uwarka take yi kafin a yi mata aure?"

Na buɗe baki zan ce Hausa, sai na rufe. Ban sani ba. Ko sunan yaren ban sani ba. Idris bai yi mini gori ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. A daidai lokacin 'yarsa ƙarama ta rugo ta faɗa jikin kakarta tana ba ta labarin wani abu da yarensu, tsohuwar tana amsawa. Ban taɓa yi wa wani mahaluki hassada irin wadda na yi wa yarinyar nan ba.

Na kira gida na ce a dakata da hayaƙin a kai ta asibiti. Nura ya karɓe wayar.

"Yaya, kana can kana tuƙa Turawa a kwalekwale, mu muke ganinta. Yaushe Mama ta taɓa yin wani yare? Shekara nawa muna tare?"

"Kafin a haife ka ta yi shekara nawa a duniya?" na ce masa. "Ku kai ta asibiti, ni ne babba."

Wannan ne karo na farko da zama ɗan fari ya yi mini rana. Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa mata ƙwaƙwalwa, kuma akan samu wanda yaren da ya koya da girma ya gudu, na yarinta ya dawo. Ya ce Hausar tana iya dawowa, tana iya ƙin dawowa, jikin kuma ba ƙwari.

Na san in na fita Masar da matacciyar biza ba zan sake shiga nan kusa ba, ga shi sai yanzu abinci ya fara zama. Idris ne ya raka ni ofishin shige da fice, ya yi ta rantse-rantse a kaina har aka buga mini hatimin fita. Hajja Nafisa ta ɗaure mini dabino a ƙyalle ta ce in kai wa mai waƙar. Na dawo Kaduna ba digiri, ba rawani, sai kanta a hannu.

Na tarar da Mama a kan katifa a ɗakinta, ta rame, ɓarin jikinta ɗaya ya shanye, ɗakin har yanzu yana warin hayaƙi. Na durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda na saba, na gaishe ta. Sai ta ɗago ta kalle ni cikin ido, ta miƙo hannun da ke motsi ta yafito ni. Na waiga in ga ko Nura ne a bayana. Ba kowa. Ta kama wuyan hannuna ta riƙe, ta fara magana, tana yi tana girgiza hannun, tana jiran amsa. Abin da na yi shekara talatin da ɗoriya ina nema ga shi an ba ni, ba ni da kunnen karɓa.

Washegari na shiga Babbar Kasuwa da wayata. Na bi layin masu daddawa da kuka, na bi 'yan doya, na bi masu acca, duk wanda aka ce mini daga wajen Bauchi ko Jos yake sai in kunna masa muryar. Wani ya ce ya yi kama da yaren kakarsa amma ba shi ba ne. Wata ta yi a'uziyya ta ce in matsa mata daga gaban kaya. Da yawa sukan ce, "Wallahi mu ma namu ba mu iya ba, Hausa muka tashi da ita," suna faɗa suna dariya, irin dariyar da na yi wa Idris. Na yi kwanaki ina wannan yawo, jikin Mama kuma kullum ƙara baya yake. Daga ƙarshe wani mai zuma ya saurara ya ce akwai wata tsohuwa da ke kawo daddawa a da, Iya Talatu, ya taɓa jin tana irin wannan ƙunƙunin in ta ɓata rai. Ya ce yanzu tana Malali gidan ɗanta.

Na same ta a ƙofar gida tana shan hantsi. Da na kunna mata, ta dafe baki da hannu biyu.

"Ɗan nan, ina ka samo wannan? Ai na ɗauka mun ƙare."

Ta ce rabonta da yin yaren tun rasuwar yayarta, 'ya'yanta ba wanda ya iya, ƙauyen ma yanzu Hausa ake yi har a wurin daka. Na ɗauko ta a Keke Napep zuwa Abakpa.

Daga bakin ƙofa Iya Talatu ta yi wata gajeriyar gaisuwa. Mama ta zabura kamar an kira ta daga barci. Ta amsa, ta sake amsawa, sai ga ta tana dariya, rabin bakin da ya karkace ma yana ƙoƙari. Suka riƙe hannun juna suna ta yi, mu 'ya'yanta uku muna tsaye jikin bango kamar 'yan rakiya. Nura yana share hawaye. Ni kuwa, Allah ya sani, haushin tsohuwar nan nake ji. Matar da ba ta san Mama ba sai yau, ita ke kwasar abin da ko ɗanɗane ba a taɓa ba mu ba.

Na kasa haƙuri na ce, "Iya, me take cewa?"

"Ta ce wane mugu ne ya yi ta yi mata hayaƙi kamar kifi."

Hadiza ta fashe da dariya tana kuka, Nura ya sunkuyar da kai. Sai Mama ta saki hannun Iya Talatu ta nemi nawa. Ta ja ni har na zauna a bakin katifa, ta kafe ni da ido, ta ci gaba.

Iya Talatu ta ce, "Kai ne na farin? To duk maganar taka ce. A wurinmu ba a kunyar ɗan fari, shi ake goyawa a shiga rawa da shi. Ta ce da ta zo garin nan aka ce mata ba a yi, ta ji tsoron a ce ba ta waye ba. Ta ce waƙar nan taka ce, a banɗaki take yi maka ita in tana maka wanka, inda ba mai ji." Ta saurara, ta sake cewa, "Tana tambaya, wai kana ganin naman da take sa maka a ƙarƙashin tuwo?"

Na ce, "Ki ce mata ina gani."

Aka faɗa mata. Ta gyaɗa kai, ta ƙara matse hannuna, sai maganar ta ɓalle mata. Ta daɗe tana yi, wani wuri ta yi murmushi, wani wuri hawaye ya gangaro, wani wuri ta ɗaga yatsa kamar mai gargaɗi. Na juya wurin Iya Talatu. Tsohuwar tana ta motsa baki tana bin kalmomin, can ta girgiza kai.

"Ɗan nan, nan kuma ta yi mini zurfi. Na ji 'hanya', na ji 'ruwa', na ji kamar tana sa maka albarka irin ta tsofaffi. Sauran ya tsere mini. Da yayata tana da rai da ta fassara maka tas."

"Ba wani wanda zai gane?"

"Waɗanda na sani duk suna ƙasa."

Mama ba ta san an tsaya ba. Ta ci gaba da yi mini magana, duk inda ta ja numfashi sai in ce, "Na'am, Mama." Hadiza ce ta yi dabarar kunna waya ta ɗauki muryar. Ba a yi sati biyu ba Allah ya karɓi abarsa, Hausar ba ta dawo ba. Iya Talatu ma ta bi ta kafin shekara ta zagayo.

Yanzu ina koyar da Larabci a wata Islamiyya a nan Abakpa, da ɗan abin da na tsinto a bakin kogi. Wani lokaci Idris yakan kira, in ji hayaniyar gidansu a bayansa, uwarsa tana ƙwala masa kira, har yau sai na ji haushin nan. Bai taɓa tuna mini tambayar da na yi masa a kwalekwale ba. Muryar Mama tana nan a wayata, na kwafe ta wuri uku don tsoro. Ranar da ba makaranta nakan shiga Babbar Kasuwa, in na ji an ce ga wani baƙo daga wajen duwatsun Bauchi, sai in gaishe shi in ce ya taimaka ya saurari wani abu. Mahaifiyata ta yi mini magana sau ɗaya a rayuwarta, har yanzu ina neman wanda zai gaya mini abin da ta ce.